Agogon dubu 38 a hannun mai albasa, wata biyar bayan na ajiye mai tsada

Baro ne ya kashe min agogo. Wata Talata da hantsi, a layin 'yan albasa na kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina tsaye muna lissafi da direban da ya sauke mana kaya daga Aliero, sai ga wani yaro ya turo baro da buhu uku a kai, yana ta ihun a ba shi hanya. Na kauce da jiki, na bar hannu a baya. Ƙarfen baron ya daki wuyan hannuna na hagu. Ni ɗan zugi kawai na ji, agogon ne ya sha kashi. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa kamar an ja da reza, rabin fuskar ya yi baƙi ƙirin. Yaron ya tsaya jiki na rawa, yana cewa, "Alhaji, don girman Allah ka yi haƙuri." To me zan ce masa? Dakon da zai yi wata guda bai kai kuɗin gilashin ba. Na ce ya wuce abinsa.

A 2022 na sayi agogon, naira dubu 170, sabo fil a kwali, na ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan. Ba zan kira sunan tsohon ko na sabon ba. Babu wanda ya ba ni kuɗin talla, kuma ɗan kasuwa ba ya son a ce shi ya ɓata wa wani ciniki. Abin da zan faɗa dai duk wanda ya taɓa ɗaura agogon zamani, irin mai haɗuwa da waya, zai gane shi.

Ranar Asabar na hau danfo daga Ketu zuwa Maryland, daga nan na shiga ta Ikeja, na nufi Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci, wajen wani yaro ɗan Agege da ya saba gyara min waya. Ya juya agogon gaba da baya, ya haska shi da tocila, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ba a canza masa gilashi shi kaɗai. Da fuskar gaba ɗaya yake zuwa. Dubu 75, in ma an samu mai kyau. Batirin ma ai ya gaji, ko ba kullum kake caji ba?"

Na ce wani lokaci ma kafin Isha'i ya mutu.

"To ka gani. Kuma gaskiya zan faɗa maka, in na buɗe shi, ba na ɗaukar alkawarin ruwa ba zai shiga ba. Gam ɗin kamfani daban ne."

Na zaga shagunan layin Otigba na tambayi sabon samfurinsa. Dubu 400 da ɗoriya. Landan-yus kuma, wato na hannu da aka kawo daga waje, wanda ba ka san wahalar da batirinsa ya sha a hannun mai shi na farko ba, ya haura dubu 200. Ban yi mamaki ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024, duk abin da ke shigowa ta ruwa ko ta sama sai da ya ninka. Mu ma masu albasa mun ninka, ba zan tsaya ina nuna wa wani yatsa ba. Na dawo gida hannu babu agogo.

Da daddare ina ba uwargida labari, ina jiran ta taya ni jaje, sai ta ce, "Ni dai Alhaji, shekara uku ban ga abin da kake yi da shi ba ban da duba alat ɗin banki da tashin Asuba." Na so in musa. Na fara lissafo mata: yana da taswira, ana amsa saƙo da shi, yana auna barci, ana saka masa manhajoji kala-kala. Ta ce, "Taswirar ina ka taɓa bi? Daga Ketu zuwa Mile 12?" Na yi shiru na ci tuwona.

Da na kwanta na yi wa kaina hisabi, abu uku na samu. Na farko, jijjiga idan an kira ni, domin a cikin hayaniyar kasuwa waya a aljihun riga ko ganga take bugawa ba za ka ji ba, direbobi kuwa ba sa kira sau biyu. Na biyu, ganin alat ba tare da na zaro waya a cikin turmutsitsi ba. Na uku, ya tashe ni da asuba, ko tsakar dare idan tirela ta iso, ba tare da ya tashi jaririn da ke ɗakin ba. Shi ke nan. Sauran duk na biya kuɗinsu ne na ajiye. Ko sau ɗaya ban taɓa biyan kuɗi da agogo ba, a kasuwarmu tsaba ce, sai tiransifa, sai masu POS.

Sati na zagayowa na koma Ikeja. A cikin gilasan shaguna ga su nan jere: Apple, wanda sai mai iPhone yake yi wa aiki, Samsung, Huawei, Xiaomi, Amazfit, da Oraimo na gidan su Tecno da Infinix. A ƙasansu kuma akwai wani tarin da ba su da uwa ba su da uba, kwalin ya yi kama da na manya, sunan an sauya harafi ɗaya. Na tsallake na sama saboda aljihu, na tsallake na ƙasa saboda tsoro, na ɗauki na tsakiya: kamfani sananne, rasit, garantin shekara guda a rubuce. An ce dubu 42, muka daidaita a 38. Mai shagon yana ta "Alhaji ka kashe ni," yana kuma saka shi a leda.

Batir shi ne abin da ya fara saye ni, kuma har yau shi ne. A kwali an rubuta kwana 10. Makon farko, da na kunna komai da komai, kwana 4 ya yi. Da na kashe amsa kira ta agogo, na rage hasken fuska, na hana shi auna bugun zuciya kowane minti, sai ya koma kwana 7 cif. Yanzu duk Juma'a, in na dawo daga masallaci, nake maƙala shi a caji, kafin in gama cin abinci in ɗan kishingiɗa ya cika. Wanda bai zauna a unguwar da ake ɗauke wuta kwana biyu a jere ba, ba zai san daɗin wannan ba. Tsohon agogona kamar ƙaramin yaro yake, kullum da dare sai an ba shi abincinsa. In babu wuta sai mu yi ta rabon fawa bank, ni da waya da agogo da fitilar uwargida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa babu mai tada janareta don agogo. Sau nawa na kwanta na bar shi a caji, aka ɗauke wuta, na wayi gari babu alam ɗin da na saye shi dominsa.

Dalilin bambancin ba wani sihiri ba ne. Manyan agogunan ƙaramar waya ce aka ɗaura maka a hannu, da GPS, da Wi-Fi, da manhajojin da ke aiki a ɓoye, duk suna shan batir ɗin da bai kai girman ƙwayar goro ba. Shi ya sa Apple ya yi shekara da shekaru yana rubuta awa 18 a kan agogunansa na yau da kullum. Masu araha kuwa ba su da wannan nauyin. Ɗan aike ne kawai tsakaninka da wayarka, abin da ta faɗa masa ta Bluetooth shi yake nuna maka. In ka bar wayar a gida, ya zama agogo mai ƙirga taku.

Jijjigarsa ta fi ta tsohon ƙarfi, amma babu ladabi. Tsohon taɓa ka yake kamar mai sallama. Wannan kuwa zuuu yake yi kamar ƙudan zuma ya maƙale a hannun riga. A kasuwa haka nake so. A sahun sallah na sha jin kunya kafin in koyi sa shi ya yi shiru.

Akwai kunyar da ta fi wannan. Da yake yana da ɗan lasifika na amsa kira, wayar sai ta ɗauke shi kamar abin jin sauti. Wata rana muna zaune a rumfa da abokan ciniki, na danna saƙon murya na WhatsApp na kai wayar kunne, sai muryar uwargida ta fito tar daga wuyan hannuna, tana faɗin abin da ya ƙare a kicin da wanda ban kawo ba tun shekaranjiya. Alhajin da muke sito ɗaya har yau in ya gan ni sai ya ce, "An kai daddawar?" Maganin yana cikin saitin Bluetooth na waya: ka shiga sunan agogon, ka kashe sautin kiɗa da bidiyo, ka bar na kira in kana so. Ni duka biyun na kashe. Ko ba komai, amsa kira ta agogo a Mile 12 aikin banza ne. Kai ba ka jin mai kira, maƙwabcinka kuma yana jin farashin da kake ba wani.

Saƙonni suna shigowa, amma karatu kawai, ba ka da bakin amsawa. Dogon saƙo yakan yanke a tsakiya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗana da ke makaranta a Zariya da su yake rubutu, to duk inda ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai agogon ya nuna ɗan akwati babu komai a ciki. Ya rubuto "kuɗin ɗaki ya ƙare," na ga akwatuna uku. Na gane dai, tunda maganar kuɗi ce. Tsohon agogon bai taɓa yi min haka ba.

Kwanakin farko kuma ya riƙa rabuwa da wayar. Sai in ga shiru tun safe, in zaro waya in tarar da kira bakwai. Na ɗauka agogon ne ya lalace, har na fara neman rasit. Yaron nan na Agege ya ce laifin wayata ne: wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Ya shiga saiti ya cire manhajar agogon daga cikin waɗanda ake kashewa. Tun ranar sai jefi-jefi, in na yi nisa da wayar.

Maganar alat tana buƙatar kashedi, musamman ga 'yan uwana 'yan kasuwa. Agogo ba ya tantance saƙo. Abin da ya shigo waya shi yake haskawa, na gaske da na bogi duk kamarsu ɗaya a wannan 'yar fuskar. Mai sayen rabin kwando in ya ce ya tura, na ji zuuu, na ga adadi, ina sallamarsa. Mai ɗaukar buhu goma kuwa sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin sun zauna da idona. Sannan saƙon banki da ragowar kuɗin asusunka yake zuwa, wanda ke tsaye kusa da kai yana iya karantawa. Na hana fuskar haskawa da kanta in saƙo ya shigo, sai na taɓa. Haka kuma ranar da ake haɗa shi, manhajar ta nemi izinin ganin lambobin mutanena, da inda nake, da duk saƙonnina. A cikin saƙonnin nan ne lambobin sirri na banki suke shigowa. Wannan na cikin dalilan da suka hana ni sayen marar suna, don ban san hannun wa bayanan za su faɗa ba. Ko wannan ɗin ma abin da ya zama dole kawai na buɗe masa.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, maganar lafiya.

Ina da hawan jini, shekara huɗu ke nan ina shan magani. Sabon agogon yana da wurin da aka ce na awon jini ne. Kullum in na danna sai ya ba ni 118 bisa 78, ko 121 bisa 80. Ranar da na yi barci mai kyau haka, ranar da tirela ta kwana uku a hanya albasa ta fara tsiro ma haka. Wata ranar da na tashi da ciwon kai a ƙeya, na danna, ya ce lafiyata ƙalau. Na tsallaka kemis aka ɗaura min na'urar nan mai matse dantse, ta nuna 152 bisa 96. Daga ranar ban sake buɗe wurin ba. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo jinin da ke kai-komo a ƙarƙashin fata yake kallo, da shi yake ƙirga bugun zuciya, kuma a wannan ba laifi, in ina zaune lambarsa kusan ɗaya take da ta na'urar kemis. Amma matsin jini wani abu ne daban. Ko agogunan Samsung masu tsada da ke da wannan awon, sai an daidaita su da na'urar dantse duk sati huɗu. To ina ga wanda bai taɓa tambayar ka komai ba?

Masu yawo da agoguna a tire har cewa suke nasu yana auna suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi mutane cewa kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Mu a rumfarmu mun yi namu gwajin. Wani mai talla ya zo da na dubu 8, yana ta zuba, wai likita ne a hannunka. Wani dattijo a cikinmu mai ciwon suga har ya fara laluben aljihu. Na ce a ba ni in gani. Na zaɓo wata ƙatuwar albasa ja daga bakin buhu, na ɗaura mata agogon, na ja maɗaurin ya kama ta sosai, na danna. Koren haske ya yi ta ƙyafta ido a jikin ɓawon. Muka zuba ido mu wajen shida. Can sai ga shi: bugun zuciya 76, jini 120 bisa 80, suga daidai. Dattijon ya ce, "Ikon Allah, albasar nan ta fi mu lafiya." Mai tallan ya kwance abinsa bai ce uffan ba. Na ɗaura mata nawa don adalci, ya yi ta juyi, daga baya ya ce in gyara ɗaurin. Ya dai ci wannan jarrabawar.

Ƙirgan taku ba na ɗaukarsa da zafi. In danfo ya shiga ramuka sai ya ƙara min ɗaruruwa, in ina ƙirga kuɗi ma yana lissafa min tafiya. A ranar kasuwa sosai nakan wuce dubu 12, sai ya yi ta murna yana nuna min kofi. Ɗana ya ce taku dubu 10 ɗin da ake ta faɗa ma daga tallan wani kamfanin Japan ya samo asali a shekarun 1960. Su 'yan dakonmu da za a ɗaura musu, da agogon ya gaji da ba da kofi.

Maɗaurin roba da ya zo da shi bai yi ba. Zafin Legas da gumi, sati biyu wuyan hannuna ya yi ja ya fara ƙaiƙayi. Na sayi na zare dubu 3, ya fi shan iska, sai dai yana riƙe ruwa kuma yana ɗaukar warin albasa, duk sati sai an wanke. A kwali an rubuta IP68, wato yana jure ƙura da faɗawa ruwa na ɗan lokaci. Wanda ake iyo da shi 5ATM ake rubuta masa. Ruwan saman Yuni da Yuli ya dake shi ba sau ɗaya ba, bai yi komai ba, amma ba na shiga wanka da shi, sabulu da ruwan zafi ba abokan gam ba ne. Wajen alwala cire shi nake in jefa a aljihun gaba. Ran nan na manta shi a kan dakalin alwala na masallacin kasuwa, sai bayan La'asar na tuna. Na taka a hankali na je na tarar ladan ya ajiye min. Da tsohon ne, da gudu zan tafi har da tuntuɓe. Haka a cikin gosulo, yanzu ina iya ɗora hannu a tagar mota ba tare da ina waige-waige ba.

Wayar cajinsa irin tasa ce shi kaɗai, mai maganaɗisu da 'yan ƙusoshi biyu. In ta ɓata ka shiga uku, ta waya ba ta yi masa. Ka sayi ta biyu tun ranar farko, ka kuma riƙa goge wurin da take kamawa, gumi yana sa shi tsatsa.

Akwai abin da nake kewa, ba zan ɓoye ba. Tsohon yana da manhajar lokutan sallah da alƙibla, tana gyara kanta. Wannan ba a saka masa manhaja, da hannu na jera alam biyar. Sa'ar da aka yi lokutan sallah a Legas ba sa yin nisa sosai tsakanin rani da damina, duk bayan sati biyu ko uku nake ɗan matsar da su. A tsakiyar rana kuma fuskar ba ta da haske, sai na kare ta da tafin hannu. Sannan akwai maganar ido. Mun je ɗaurin aure Agege watan jiya, kowa ya sha babbar riga, wani abokina ya kama hannuna muna gaisawa, ya kalli agogon, ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, kasuwar ce?" Na ce baro ne. Araha ba ta ado, na sani, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ji abin a raina na ɗan lokaci, har aka kawo shinkafa.

Wanda yake fita gudun motsa jiki yana son agogo ya zana masa hanyar da ya bi ba tare da waya ba, ko ma'aikacin ofis mai amsa saƙo daga hannu, wannan ajin ba nasa ba ne, ya daure ya gyara nasa ko ya tara kuɗi. Wanda agogonsa mai tsada ke aiki lafiya, ya riƙe abinsa har ya mutu, babu dalilin canji. Amma wanda nasa ya fashe ko batirin ya gaji, aka yanka masa kuɗin gyara da ya ninka kuɗin sabo mai araha, ya zauna ya ƙirga abin da yake yi da shi tsakani da Allah. In bai wuce nawa ukun nan ba, dubu 35 zuwa 50 sun ishe shi, ya nemi mai suna da rasit, ya kuma ware wani abu ya sayi na'urar awon jini ta gaske ya ajiye a gida. Ni da ragowar kuɗin gyaran na sayi tawa.

Tsohon yana nan cikin durowa tare da tsofaffin rasitai. Shekaranjiya yaron Agege ya kira ni, wai wani ya kawo irinsa yana neman kayan ciki, ko zan sayar. Ya taya dubu 15. Na ce albarka, ya ƙara biyar. Ya ce zai yi shawara ya kira ni.